Yadda Ake Koya wa Yara Sanin Halittun Tsakar Gida, Tun Daga Kaskon Ruwa Guda

Ka ce wa yaro ɗan shekara takwas ya lissafo maka namun daji, nan take zai jero zaki, giwa, damisa da raƙumin dawa, alhali duk a hoto ko a allon waya ya san su. Amma ka nuna masa tsuntsun da ke sauka kan katanga kowace safiya, ka tambaye shi me yake ci, ina yake kwana, sai ya yi shiru. Ba laifinsa ba ne, ba wanda ya taɓa zaunar da shi ya nuna masa cewa wannan ma abin kallo ne. Gyaran ba ya buƙatar faffaɗan fili. Tsakar gida, gindin katanga, harabar makaranta, ko barandar bene mai tukwanen fure biyu, duk sun isa. Ni dai ruwa na fi ba ƙarfi a wannan aikin, domin duk mai rai dole ya nemi ruwa. Wanda ya ajiye shi a inda ya dace ba sai ya bi halittu ba, su za su zo su same shi.

Kayan da za a tanada kaɗan ne: littafin rubutu na yaron shi kaɗai, fensir, rula, kwalba mai haske wadda ake ganin abin da ke cikinta, tocila, da kasko ko faranti mai faɗi marar zurfi. In an samu gilashin ƙara girman abu, madalla.

Makon farko: kallo kawai

Kada a taɓa komai, kada a shuka komai. A zaɓi wuri guda da za a riƙa zama, mai inuwa, inda ake hango yawancin filin. Ku zauna tare minti 10 zuwa 15, da sassafe ko da yamma lis, domin a lokutan nan tsuntsaye da ƙwari suka fi zirga-zirga. Wuri ɗaya kullum, lokaci ɗaya kullum. A saman shafi yaro ya rubuta kwanan wata, ƙarfe nawa, da yanayin gari: rana, hadari, iska ko sanyi.

Kuskuren da mu manya muka fi yi shi ne saurin faɗin suna. Da zarar ka ce "ai kurciya ce", yaro ya gama da ita, ya ɗauke ido. Riƙe sunan tukuna. Tambaye shi: me ka gani, me take yi, wane abu ne ya ba ka mamaki? Ya zana ko da zanen bai yi kama ba, ya ƙirga ƙafafu, ya lura ko tsuntsun tafiya yake yi ko tsalle, bakinsa gajere ne mai kauri irin na masu fasa tsaba ko siriri irin na masu tsintar ƙwari. Ƙirgar ƙafa kaɗai darasi ce babba: ƙwaro ƙafa 6 gare shi, gizo-gizo 8, saboda haka gizo-gizo ba cikin dangin ƙwari yake ba. Yara suna son irin wannan, gobe za ka ji suna gyara wa abokansu.

A ƙarshen mako ya zana taswirar wurin: ina rana ta fi duka, ina inuwa take wuni, ina ƙasa take riƙe laima, ina ya ga layin tururuwa. Da wannan taswirar za a yanke shawarar inda ruwa zai zauna.

Tun a wannan makon a kafa dokoki uku, kuma a riƙe su da gaske. Ba a sa hannu a rami ko ƙarƙashin dutse. Ba a ɗaukar dabbar da ba a sani ba, mai rai ko matacciya, musamman jemage, domin yana iya ɗauke da cuta. Sannan a wanke hannu da sabulu duk lokacin da aka gama.

Ajiye ruwa

Zurfin ruwan kada ya wuce santimita 5 a tsakiya, a gefe kuma santimita 2 ya isa. Ƙananan tsuntsaye ba iyo suke yi ba, tsayawa suke yi a ciki su jiƙa gashinsu. Kasko mai kaushi ya fi mai santsi, saboda ƙafa tana samun madafa. A zuba tsakuwa da ƴan duwatsu waɗanda kawunansu suka fito saman ruwa, a jingina ɗan kara daga ciki zuwa baki. Wannan don ƙudan zuma ne da sauran ƙwari, da kuma ɗan ƙadangaren da zai iya zamewa ya kasa fita. Ruwa zalla za a zuba, babu sukari, babu gishiri, babu sabulu.

Wurin ajiyewa ya zama mai inuwa, don kada ruwan ya yi zafi ya ƙafe da wuri. Ya kasance akwai bishiya ko reshe da nisan taku uku ko huɗu, inda tsuntsu zai sauka ya duba kafin ya matso, ya kuma gudu in ya tsorata. Amma kada a manna shi da duhuwar ciyayi inda kyanwa za ta laɓe. In akwai kyanwa a gidan, a ɗora kaskon kan abu mai tsawo. In hali ya yi, a yi biyu, ɗaya a sama don tsuntsaye, ɗaya a ƙasa don kwaɗo, ƙadangare da bushiya.

Daga nan sai haƙuri. Wani lokaci a yi kwana uku, wani lokaci mako biyu ba wanda ya leƙo, domin tsuntsu ba ya yarda da sabon abu da wuri. Akwai dabarar da ke gaggauta zuwansu: a huda gindin gorar roba da allura, a cika ta, a rataye ta sama da kaskon ta riƙa ɗiga ɗis, ɗis. Motsin ruwa da ƙararsa suna jawo tsuntsu daga nesa.

Ranar da suka fara zuwa, ga abin da nake so kowane yaro ya gani da idonsa. Yawancin tsuntsaye in za su sha ruwa, sai su ɗiba da baki, su ɗaga kai sama ya gangara maƙogwaro, su sake sunkuyawa. Kurciya da tattabara ba haka suke ba. Suna tsoma baki su zuƙa a jere, kai a ƙasa, har su ƙoshi. Kada ka gaya masa. Ka ce ya kwatanta shan wannan da na wancan, ka bar shi ya gano. Murnar yaron da ya gano abu da kansa daban take, gani kuwa ya kori ji. Haka nan in gefen kaskon ya yi taɓo, a sa ido ga zanzaro. Zai sauka, ya dunƙule laka da baki da ƙafafun gaba ta zama ɗan ƙwallo, ya tashi da ita, bayan ɗan lokaci ya dawo ya sake. Yaro ya bi shi da ido har ya gano inda yake ginin ɗakinsa, amma daga nesa.

Maganar sauro

A nan mutane da yawa suke ja da baya, kuma suna da gaskiya. Kwantaccen ruwa gidan sauro ne, sauro kuwa shi ke yaɗa zazzaɓin cizon sauro, shawara da zazzaɓin dengue. Saboda haka wannan sashen ba na zaɓi ba ne. Wanda ba zai iya kiyaye shi ba, gara kada ya ajiye ruwan.

A lokacin zafi, sauro yana iya tashi daga ƙwai ya zama mai fiffike cikin kwana 7 zuwa 10. Dukkan dabarar ita ce a katse masa wannan zagayen. A zubar da ruwan kaskon duk bayan kwana biyu, a goge cikinsa da buroshi ko soso, sannan a zuba sabo. Gugar tana da dalili: irin sauron da ke kawo shawara da dengue yana manna ƙwansa a jikin mazubi, daidai saman bakin ruwa, kuma ƙwan yana iya jure bushewa na watanni, da ya sake jiƙa sai ya ƙyanƙyashe. Canza ruwa ba guga, aikin rabi ne. Tsohon ruwan a zuba wa shuka. In za a yi tafiya, a kife kaskon.

Wannan aikin na yaron ne, a yi masa jadawali a bayan littafinsa yana sa alama. Sannan sau ɗaya a mako a mai da shi mai binciken gida: ya zaga ya duba tsohuwar taya, gwangwani, murfin kwalba, farantin ƙarƙashin tukunyar fure, bokitin da aka manta. Duk inda ruwa ya kwanta a zubar, mazubin ajiyar ruwa kuma a rufe shi ruf. In ya ci karo da tsutsar sauro, kafin a zubar a ɗebo kaɗan a kwalba ya duba. Zai ga suna wutsil-wutsil, suna hawa sama su shaƙi iska, da inuwa ta gifta su nutse. Wadda ta kwanta a miƙe daidai da fuskar ruwa ta sauron da ke kawo zazzaɓin cizon sauro ce, wadda ta rataya kai ƙasa ta wani iri ce. Da an gama kallo a zubar a busasshiyar ƙasa a rana. Macen sauro ce kaɗai ke cizo, don tana buƙatar jini ta yi ƙwai. A shekarar 1897 ne likita Ronald Ross ya gano ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin cikin sauro a Indiya, shi ya sa ake tunawa da ranar 20 ga Agusta a matsayin ranar sauro ta duniya.

Maɓoya da abinci

Ruwa yana kawo baƙi, amma ba ya zaunar da su. A ware lungu guda, nesa da ƙofar ɗaki da wurin wasan ƙanana, a daina share shi. Busassun ganye, guntun itace mai ruɓewa, da ƴan duwatsu sun wadatar. Tarin ya zama ƙarami, kada ya yi girman da maciji ko ɓera zai mai da shi gida. In yankin mai yawan macizai ne ko kunama, a bar maganar duwatsu, a tsaya ga ganye da shuke-shuke.

Bayan mako uku ko huɗu, babba ya ɗaga itacen da sanda, ya jawo shi ta wajensa yadda abin da ke ƙasa zai gudu gaba ba kan ƙafarsa ba. Za a ga tana, gara, gyare, ƙadandoniya. A nuna wa yaro bambancin ƙadandoniya da shanshani: ita tana da ƙafa huɗu a kowace gaɓa, tafiyarta a hankali, in an taɓa ta sai ta naɗe, abincinta ruɓaɓɓen ganye. Shi kuwa ƙafa biyu a kowace gaɓa, ga gudu, ga cizo mai zafi. Ita kuwa tana, ta fatarta take numfashi, shi ya sa ba ta rayuwa in ƙasa ta bushe. An gama kallo, a mayar da itacen yadda aka same shi, domin rufin gidan wasu ne.

Wajen shuka, a nemi tsire-tsiren da dama can na yankin ne, don su ƙwarin wurin suka sani, kuma ba su cika son ban-ruwa ba. A haɗa masu fure a lokuta daban-daban. A daina fesa maganin ƙwari a wannan ɓangaren, domin feshi ba ya tantance mai ɓarna da mai amfani. Kusan kashi uku cikin huɗu na manyan nau'o'in amfanin gona a duniya suna amfana da barbarar da ƙudan zuma da ire-irensa suke yi wa fure. In yaro ya ga tsutsa tana cin ganye, a bar masa ita ya bi labarinta. Wata rana za ta daina ci, ta rufe kanta, ta fito malam-buɗe-littafi.

Wata tambaya da ba ta rasa zuwa: an tsinci ɗan tsuntsu a ƙasa, ya za a yi? In ya yi gashi yana tsalle-tsalle, koyon tashi yake yi, iyayensa na kusa, a kau da kyanwa a ba shi wuri. In tsirara yake kuma ana ganin sheƙar, a mayar da shi. Maganar cewa uwa tana ƙin ɗanta don mutum ya taɓa shi ba gaskiya ba ce.

A bi sawun ruwan

Yanzu yaro ya ga masu shan ruwa, saura ya san ruwan kansa. A fara da ma'aunin ruwan sama. A samu gwangwani ko kwalba mai miƙaƙƙen jiki da shimfiɗaɗɗen gindi, wadda faɗin bakinta daidai yake da na gindinta. A kafa ta a fili, nesa da bishiya da indararo. Bayan an ɗauke ruwa, a auna zurfinsa da rula, a rubuta, a zubar. Ga lissafin da ke buɗe ido: milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita 1 ce cif. Ke nan rufin ɗaki mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 10, lita 500 ce ta sauka a kansa. Sai ka tambaye shi, ina ta tafi? Ku fita bayan ruwa ya tsaya ku bi ta, ku ga inda ta nutse, inda ta kwanta, da abin da ta kwasa a hanya. Leda, man inji da ruwan wanki duk suna bin wannan hanyar zuwa rafi.

Gwaji na biyu mai sauƙi ne. A ɗaura farar leda a kan reshe mai ganye da ke shan rana, a tsuke bakinta. Bayan awa biyu ko uku za a ga gumi a ciki, har ya taru a ƙasa. Ruwan da saiwa ta zuƙo ne yake fita ta ganye ya hau sama. A kwance ledar da an gama. Na uku, a zuba ruwa kofi ɗaya a gangaren ƙasa tsirara, wani kofin a gangaren da ciyawa ta rufe, a ga wanne ya kwashi ƙasa ya gudu, wanne ya nutse.

Wanda ya fi tsaya wa yara a rai shi ne na lita guda. Cika gora da lita 1, ka ce wannan shi ne duk ruwan duniya. Ɗebi ƙaramin cokali biyar, wato wajen mililita 25, ka zuba a kofi. Abin da ya rage a gora ruwan gishiri ne na teku. Daga na kofin, fiye da cokali uku ƙanƙara ce daskararriya, kusan duk sauran yana ƙarƙashin ƙasa. Na koguna da tafkuna bai wuce ɗigo ɗaya ko biyu ba. Ɗiga masa a tafin hannu. Ranar 22 ga Maris, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don ruwa tun 1993, rana ce mai kyau ta yin wannan a aji.

Wasu suna koya wa yara tace ruwa da yashi, tsakuwa da gawayi. Gwaji ne mai kyau, amma a faɗa musu ƙarara cewa ruwan da ya fito garau ba na sha ba ne, ƙwayoyin cuta suna nan.

Zuwa bakin kududdufi

Bayan wata guda ko biyu, in akwai tafki ko rafi kusa, a kai su. Babba ɗaya kada ya riƙe fiye da yara uku ko huɗu, idonsa kuma a kansu, ba a kan waya ba. Ƙaramin yaro yana iya nutsewa a ruwan da bai kai gwiwa ba, kuma ba ya ihu. Kada a shiga ruwan. A ƙasashe masu zafi, kwantaccen ruwa mai ƙananan dodon koɗi yana iya ɗauke da tsargiya, wadda ƙwayarta ta fata take shiga. A ɗebo da moɗa mai dogon mariƙi, a juye a farin faranti, a bari ya kwanta.

Minti ɗaya sai farantin ya fara motsi. Talibambam shi ne tauraro. Ƙafafun baya yake fara fitarwa, sannan na gaba, wutsiyar kuma ba faɗuwa take yi ba, jiki ne ke shanye ta. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki, ta fata yake zuƙa, shi ya sa gurɓataccen ruwa yake saurin kashe shi, shi ya sa kuma ba a kama shi da hannun da ya sha mai ko sabulu. A duba mazari, ƙwaron nan mai dogon jiki da fukafukai huɗu da ke shawagi a saman ruwa. Ƙuruciyarsa duk a cikin ruwa yake yinta yana cin tsutsar sauro, in ya girma kuma ya kama sauron a iska. An gama kallo, a mayar da komai inda aka ɗebo shi.

Sai kuma sunaye

Yanzu ne lokacin suna, bayan ido ya riga ya saba. A fara da tsofaffi, domin sukan san sunan tsuntsu a harshen gida, da lokacin zuwansa da na tafiyarsa, abin da ba kowane littafi ke da shi ba. Yaro ya kai zanensa ya tambaya, ya rubuta abin da aka faɗa masa. In akwai waya, manhajar Seek tana gane tsiro da ƙwaro ta kyamara, Merlin kuma, wadda sashen nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell da ke Amurka ya yi, tana taimakawa wajen gane tsuntsu. Sukan yi kuskure, saboda haka littafi ya fara, waya ta biyo baya.

Yaron da ya kai shekara 10 zuwa sama yana iya shiga ƙidayar tsuntsaye ta kwana huɗu da ake yi kowace Fabrairu. An fara ta a Amurka a 1998, aka buɗe ta ga duniya baki ɗaya a 2013. Ana zama aƙalla minti 15, a ƙirga tsuntsayen da aka gani, babba ya tura adadin ta intanet. Ƙa'idar ƙirga ita ce a rubuta mafi yawan da aka gani a lokaci guda, don kada kurciya ɗaya da ta zo sau biyar ta zama biyar.

Dare ma yana da nasa. Sau ɗaya a wata a rataya farin zane a igiya, a haska shi da tocila na rabin awa, yara sanye da riga mai dogon hannu, a ga masu zuwa, da tsakar da za ta biyo su farauta. Daga nan a kashe fitilar su watse.

Bayan wata uku, ku buɗe shafin farko ku ajiye shi kusa da na jiya. Ku ƙirga irin halittun da aka rubuta can da waɗanda aka rubuta nan. In adadin bai motsa ba, a koma ga taswira: wataƙila kaskon yana shan rana da yawa, ko yana kan hanyar da ake yawan wucewa, ko babu reshen sauka kusa da shi. A matsar da shi wani wuri, yaro ya rubuta ranar da aka matsar, a ba shi mako biyu a sake ƙirgawa.